Tocila da Wuƙa a Aljihu: Shiri Ne Ko Tari?

A Amurka da Turai akwai jama'ar da suka mayar da kayan aljihu abin sha'awa na musamman, har suka raɗa wa harkar suna a taƙaice, EDC, wato kayan da mutum ba ya fita kullum sai da su. Ginshiƙan harkar biyu ne, wuƙa mai naɗewa da ƙaramar tocila. Mutum yakan fara da guda ɗaya ta kowanne, shekara ba ta zagayowa sai ka tarar aljihun teburinsa ya cika da wuƙaƙe goma da tociloli ashirin, kowace da irin ƙarfenta da irin haskenta. In aka tambaye shi dalili, amsarsa ɗaya ce: shiri, don ba a san abin da dare zai zo da shi ba. Wannan amsa ita ce ta cancanci a auna ta, domin tana ɗauke da gaskiya, amma gaskiyar ba ta kai inda ake son ta kai ba. A ganina riƙe wuƙa da fitila hali ne na mai hankali, tara su kuma ba haramun ba ne, sai dai kayan aiki suna da haƙƙi a kan mai su, kuma tarin da ya hana su aiki ya ci wannan haƙƙi ko da kuɗin sayensu na halal ne.

Bari a fara ba masu harkar abin da yake nasu. A 1991 aka tsinci gawar wani mutum a cikin ƙanƙara a tsaunukan Alps, kan iyakar Italiya da Ostiriya, wanda ya rayu kimanin shekaru 5,300 da suka wuce, aka sa masa suna Ötzi. A jikinsa an sami 'yar wuƙar dutse da kubenta, a ɗamararsa kuma kayan ƙyasta wuta. Kaifi da wuta ke nan, tun kafin a san baƙin ƙarfe. Abin da ya biyo baya gyara ne kawai ga wannan tsohuwar buƙata: Joseph Opinel ya ƙera wuƙar manoman Savoie a Faransa a 1890, Karl Elsener ya fara kai wa sojojin Suwizalan wuƙar aljihu a 1891, a 1899 kuma David Misell ya yi rajistar fitilar hannu mai batir a Amurka. Ranar 14 ga Agusta 2003 wutar lantarki ta ɗauke wa kusan mutum miliyan 50 a arewa maso gabashin Amurka da Kanada, kuma duk wanda daren ya riske shi a matattakalar dogon bene ya san darajar 'yar tocilar da ke aljihu. Musulunci ma bai taɓa ɗaukar tanadi a matsayin ƙarancin imani ba. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito na mutumin da aka umarta ya ɗaure raƙumarsa sannan ya dogara ga Allah ya isa hujja. Mai fita da wuƙa ɗaya da tocila ɗaya ya ɗaure raƙumarsa, babu abin cewa a kansa.

Matsalar tana tasowa ne lokacin da aka ja wannan hujja don ta rufe tocila ta ashirin. Masu harkar suna cewa abin da yake guda ɗaya kamar babu shi ne, don yana iya lalacewa a lokacin da ake buƙatarsa. Gaskiya ne, kuma wannan ya halatta ta biyu, wataƙila da ta uku a mota ko a gida. Daga nan hujjar ta ƙare, domin ranar da duhu ya zo hannu biyu ne da mutum, sauran goma sha bakwai ɗin kuma suna can gida a ajiye. Ci gaban fasahar ma rage buƙatar yawan ya yi. Bayan da masu bincike Akasaki da Amano da Nakamura suka samar da ƙwan LED mai shuɗin haske, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2014, farin haske mai ƙarfi ya zama abu mai araha, batirin lithiyam da Sony ya fara sayarwa a 1991 kuma ya sa ana caji maimakon saye. Yau tocila mai tsawon yatsa tana ba da hasken da ya ninka na tocilar Maglite ta 1979 sau da yawa. Lambobin ƙarfin haske da ake tsere a kansu, lumen dubu ko dubu biyar, yawanci minti ɗaya ko biyu fitilar take riƙe su kafin zafi ya tilasta mata sauka, alhali mai neman makullinsa a ƙasa ko mai duba injin mota kaɗan daga ciki ya ishe shi. Akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya ƙirga shimfiɗun gida, ta miji da ta mata da ta baƙo, ya jingina ta huɗu ga Shaiɗan. Malamai sun bayyana cewa ba adadin ake nufi ba, abin da ya wuce buƙata aka ajiye don alfahari ake nufi. Ma'aunin ya dace da wannan harka kamar don ita aka yi shi.

Mai kare harkar zai ce to a bar maganar shiri, kyau nake so. Zai nuna yadda aka daidaita kaifin wuƙa da maɓallinta har ba ta ko motsi, ko ramin da kamfanin Spyderco ya huda a jikin ƙarfen a 1981 don a buɗe ta da hannu ɗaya, ko hasken da ke fitar da launin fata da na itace yadda rana take fitar da su. Zai ƙara da cewa Alƙur'ani a Suratul A'araf ya ƙalubalanci masu haramta adon da Allah ya fitar wa bayinsa, kuma littattafan sira sun lissafa wa Annabi (SAW) takubba fiye da ɗaya, kowane da sunansa, Zulfiƙar shi ne mafi shahara. Wannan hujja ta fi ta farko ƙarfi, kuma na yarda da mafi yawanta. Imam Shaɗibi ya kasa maslahar ɗan Adam gida uku, ta larura, ta buƙata, da ta ƙawa, kuma bai jefar da ta ukun ba. Son aikin gwani ba laifi ba ne, wanda ya san ƙarfe mai kyau ya fi wanda bai damu ba. Amma wanda ya koma ga hujjar kyau ya amince ke nan cewa tarinsa ado ne, sai a yi masa hukuncin ado: kada ya danne wajibi, kada a ci bashi dominsa, kada ya zama abin taƙama. Surar da ta halatta adon ita ce ta hana ɓarna a ayar da ke gabanta. Su kuwa takubban nan, an rataye su, an fita da su, wasu an kyautar. Ba a ajiye su don kallo ba.

A nan ne zuciyar maganar take. Suratul Ma'un ta rufe da zargin masu hana maƙwabta ƙananan kayan amfani, kuma an ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud cewa a zamanin Annabi (SAW) suna fahimtar wannan da aron guga da tukunya, wasu ruwayoyin suka ƙara da gatari. Abin mamaki ne a ce an haɗa hana aron tukunya da sakaci da salla a wuri guda, amma haka aka yi, kuma ma'anar a fili take: abin da aka ƙera don aiki, jama'a suna da rabo a cikin amfaninsa. Wuƙa da fitila suna sahun gaba a irin waɗannan kaya. A garuruwan Arewa, inda ɗaukewar wuta ba labari ba ne, tocila ba ta daina zama abin aro ba, ana ƙwanƙwasa ƙofa da dare a karɓe ta don raka marar lafiya ko duba dabba a turke. To masu tarin nan suna da wani laƙabi da suke yi wa wuƙar da aka saya aka kulle ba a taɓa yanka komai da ita ba, suna kiranta sarauniyar akwatin ajiya, kuma dalilin kulle ta shi ne ƙarzane ɗaya yana rage mata kuɗi in za a sayar. Irin wannan wuƙa ba za a ba maƙwabci ya yanka igiya da ita ba, mai ita kansa ba ya iyawa. An ɗauki ƙarfe, aka ƙona shi, aka wasa shi har ya iya aske gashi, sannan aka yanke masa hukuncin kada ya taɓa yanka. Wannan ne nake kira cin haƙƙin kayan aiki. Don haka masu tari biyu da ke da wuƙaƙe goma-goma ba ɗaya suke ba: wanda nasa suke da alamar aiki, yana ba da aro, yana kyautar da wadda ya daina ɗauka ga makanike ko mai gadi, ya sha bamban da wanda yake jin faɗuwar gaba in baƙo ya miƙa hannu.

Saura hujjar tattalin arziki, cewa masu tarin ne suke raya maƙera, su ne kuma suka matsa wa kamfanoni irin Fenix da Olight da Nitecore na ƙasar Sin har fitila ta inganta ga kowa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai kasuwar ta koyi ciyar da sha'awar fiye da biyan buƙata: wuƙa ɗaya a sake mata launin ƙota, a ce 'yan ɗari kawai aka yi, a sa ranar fitowa, mutane su yi rububi. Denis Diderot ya rubuta a ƙarni na 18 yadda sabuwar riga guda ta sa ya raina duk kayan ɗakinsa har ya shiga sauya su ɗaya bayan ɗaya. Haka sabuwar tocila ta ƙarfen titaniyam take sa tsohuwar wuƙa ta zama ba ta dace da ita ba. Amfanin da maƙeri ya samu ba ya ɗauke wa mai saye tambayar da hadisi ya ce za a yi wa kowa game da dukiyarsa, ina ya samo, a ina ya kashe.

Akwai kuma bambancin da masu harkar kan tsallake don sun saba jera kayan biyu wuri ɗaya. Tocila ba ta tsorata kowa, wuƙa kuwa tana da wata fuska. Dokar Ingila ta 1988 ta yarda mutum ya riƙe wuƙa mai naɗewa a bainar jama'a in tsawon kaifinta bai wuce inci 3 ba, kotuna kuma suka cire mai kulle kanta daga wannan rangwame, sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Tun kafin wannan, a hadisi an umarci mai wucewa da kibau ta masallaci ko kasuwa ya riƙe tsinayensu don kada ya ji wa wani rauni, an kuma hana nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa ne. Yawancin wuƙaƙen da ake tarawa yau masu kulle kansu ne, da dama an ƙera su da siffar kayan yaƙi, baƙaƙe, masu buɗewa da ƙara cikin ƙiftawar ido. Mai ɗauke da irin wannan a jirgin ƙasa yana jin ya shirya, amma wanda ke zaune kusa da shi bai san niyyarsa ba, ƙarfen kawai yake gani, kuma natsuwar wannan fasinja tana cikin abin da shari'a ta ce a kiyaye.