Tsufa Ba Shi da Magani: To, Raunin Ƙashi Fa?

Daga cikin mas'alolin da zamani ya jefo wa malamai, waɗanda magabata ba su riske su da wannan siffa ba, ko da yake sun bar mana ƙa'idojin da za a auna su da su, akwai mas'alar maganin nan da likitoci ke ba mace bayan haila ta ɗauke mata, domin a mayar wa jikinta wani kaso na sinadarin da ƙwayayen haihuwarta suka daina fitarwa, wanda ake kira istirojin. Shubuhar da ke cikin al'amarin kuwa ta taso ne daga hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito daga Usamatu ɗan Sharik, inda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umurci waɗansu Larabawan ƙauye da neman magani, ya kuma sanar da su cewa kowace cuta Allah Ya sanya mata waraka, in ban da guda ɗaya tak, watau tsufa. Sai mai tambaya ya ce, tun da ɗaukewar haila ita ce ƙofar tsufa ga mace, ashe wanda ya tashi yi mata magani ba jayayya yake yi da hukuncin Ubangiji ba?

Kafin a yanke wa abu hukunci, wajibi ne a san hakikaninsa. Idan mace ta kai wajen shekara hamsin, ko ƙasa da haka kaɗan, sai wannan sinadari ya ja baya, kuma da yawa daga cikin mata sukan ji zafi ya taso musu daga ƙirji, ya hau wuya da fuska ba gaira ba dalili, har ka tarar da dattijuwa ta farka tsakar dare a cikin hunturu, ta yaye mayafi, zufa ta jiƙa mata zane, barci ya ƙaurace mata har kiran assalatu, da gari ya waye kuma mutanen gida su ce Hajiya ta cika faɗa. Wannan shi ne na zahiri. Na ɓoye ya fi shi muni, domin ƙashi, da muke ɗauka tamkar dutse ne, abu ne mai rai wanda kullum ake rushe tsohonsa ana gina sabo, istirojin kuwa shi ne ke taka wa rushewar burki. Da zarar ya yi ƙaranci, sai rushewa ta rinjayi gini, musamman a shekarun farko, ƙashi ya zama kamar azarar da gara ta cinye cikinta, ta bar bayanta lafiya lau. Wani likitan Amurka, Fuller Albright, shi ne ya bayyana wannan dangantaka a farkon shekarun 1940. Ita kuwa mai abin ba ta da labari, sai ranar da santsi ya ɗebe ta a makewayi, ta dafa ƙasa wuyan hannu ya karye, ko ƙugu ya tsage ta kwanta kwanciyar da maɗori ba shi da dabara a kanta, wadda ta saba ruku'u da sujada ta koma salla da ishara.

Abin da na fahimta shi ne, togewar da aka yi wa tsufa a cikin hadisin labari ne, ba hani ba. An gaya mana cewa ba wanda zai sami maganin da zai mayar da tsoho yaro, amma ba a ce a bar tsoho da ciwonsa ba, in ba haka ba da tabarau ya haramta ga mai raunin gani, da sanda ta haramta ga mai raunin gwiwa, alhali ba mu ji malamin da ya faɗi haka ba. Annabi Zakariyya, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a farkon Suratu Maryam, raunin ƙashinsa da furfurar kansa ya fara gabatarwa a cikin addu'arsa, kuma ba a ƙidaya masa wannan a cikin ƙarancin haƙuri ba. Saboda haka matar da ta nemi abin da zai tsare mata ƙashi, ko ya mayar mata da barcinta, tana cikin umurnin da ke farkon hadisin. Wanda kuwa ya sayar mata da alkawarin ƙuruciya dawwamammiya, shi ne ƙarshen hadisin ya ƙaryata.

Abin mamaki, tarihin maganin kansa ya zama sharhi a kan wannan rarrabewa. A shekarar 1942 aka ba da izinin sayar da maganin istirojin mai suna Premarin a Amurka, a shekarar 1966 kuma wani likita mai suna Robert Wilson ya wallafa littafin Feminine Forever, inda ya ɗauki ɗaukewar haila a matsayin cutar da za a iya kauce mata baki ɗaya, ya kwaɗaitar da mata shan maganin har iyakar rayuwa. Ba a yi shekara goma ba, a 1975, bincike ya nuna cewa istirojin shi kaɗai yana ƙara haɗarin sankarar mahaifa, aka koma ana haɗa shi da wani sinadari, furojestin, ga duk matar da ba a cire wa mahaifa ba. Sa'an nan a 2002 aka dakatar da wani babban gwaji a Amurka, wanda mata fiye da 16,000 suka shiga, bayan an ga cewa haɗin nan, ko da yake ya rage karayar ƙugu da kimanin sulusi, ya ƙara sankarar mama da mutum takwas a cikin kowace mata 10,000 a shekara, ya kuma ƙara daskarewar jini da shanyewar ɓarin jiki. Nan take mata bila adadin suka yi watsi da shi, har da waɗanda ke da matsananciyar bukata, wuce gona da iri ya koma sakaci. Da ƙura ta lafa aka lura cewa matsakaicin shekarun matan gwajin 63 ne, watau akasarinsu sun daɗe da rabuwa da haila, kuma wadda ta fara kafin shekara sittin, ko cikin shekara goma da ɗaukewar, lissafinta daban ne.

Wannan shi ne abin da malaman usulu ke kira rinjayarwa tsakanin maslaha da mafsada, kuma ba a yin sa a kan mata jimla, sai ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta taɓa yin sankarar mama, ko jini ya taɓa daskare mata, wannan magani cutarwa ne a gare ta, shari'a kuwa ta hana cutar da kai. Wadda hailarta ta ɗauke tun ba ta cika arba'in ba, ko aka cire mata ƙwayayen haihuwa a tiyata, ita wannan ba tsufa ne ya same ta ba, lalura ce tsantsa, kuma ban ga wajen da shubuha za ta shiga a kanta ba. Wadda kuma ƙashi kaɗai ne damuwarta, akwai waɗansu magunguna da ba su ƙunshi wannan sinadari ba, likita ne zai zaɓa mata.

Saura mas'ala biyu da ɗalibin Malikiyya ba zai tsallake ba. Ta farko, Premarin daga fitsarin goɗiya mai ciki ake tace shi, a mazhabarmu kuwa tsarkin bawali yana bin halaccin nama, kuma mashhurin zance shi ne naman doki bai halatta ba. Waɗansu za su kafa hujja da istihala, su ce abin da aka tace ya bar siffar asalinsa. Ni dai ban ga bukatar doguwar muhawara ba, tun da yanzu akwai irin da ake harhaɗawa daga tsirrai, kamar waken soya da wata doyar daji, ana samunsa a ƙwaya, da na liƙawa a fata, da na shafawa, mai tsantseni sai ta nemi wannan.

Ta biyu ta fi wuya. Wani tsarin shan maganin yakan sa jini ya riƙa zuwa wata-wata, to, shin haila ne, a bar masa salla da azumi? Shaihu Halil, a cikin Muhtasar, ya shardanta cewa haila jini ne mai fitowa da kansa, daga wadda irinta ke ɗaukar ciki a al'adance; kuma an hakaito cewa da aka tambayi malaminsa, Abdullahil Manufi, game da matar da ta jawo jini da magani kafin lokacinsa, ya rinjayar da cewa idda ba ta cika da shi, amma ya dakata a kan barin salla da azumi. Idan malami irin wannan ya dakata, bai kamaci ɗan jarida ya yi gaggawa ba. Masu sharhi dai sun ce jinin 'yar saba'in ba haila ba ne, daga hamsin zuwa saba'in kuwa mata ake tambaya, domin su ne masana wannan sha'ani, kuma a ganina likitar mata ta yau, wadda ta san abin da ta rubuta da abin da yake haifarwa, tana cikin waɗanda ake tambayar. Jinin da ya zo wa mace bayan shekara guda da ɗaukewa, ba tare da ta sha kome ba, shi kam asibiti ake fara kai shi kafin zauren malam, domin yana iya zama alamar sankarar mahaifa.