Janar Yorck: Maci Amana Ne Ko Gwarzo?

A 1931 kamfanin Ufa na Jamus ya fitar da wani fim mai suna Yorck. Gustav Ucicky ne ya ba da umarni, Werner Krauss kuma ya fito a matsayin jarumin. Labarin wani janar ne na ƙasar Furushiya, Ludwig von Yorck, wanda ya saɓa wa sarkin sa a tsakiyar yaƙi, daga baya kuma aka ce ya ceci ƙasa. Irin wannan labari ya na yi wa 'yan fim daɗi, domin ɗan kallo ya na shiga silima ne ya riga ya san wa ya yi nasara. To amma shi Yorck, a ranar da ya sa hannu a takardar, ai bai san ƙarshen fim ɗin ba. Tambayar da ke damu na ke nan: yaushe ne ya halatta ga mutumin da ya rantse zai yi biyayya ya ce a'a?

An haifi Yorck a Potsdam a 1759, ya shiga soja ya na ɗan shekara 13. Abin da mutane ke mantawa shi ne sau biyu ya yi taurin kai a rayuwar sa. Na farko ya na ƙaramin hafsa, bayan Yaƙin Gadon Bavaria na 1778 zuwa 1779, lokacin da ya zargi wani kyaftin da ke gaba da shi da wawure kayan jama'a, ya kuma nuna masa raini a fili. Sarki Frederick Babba bai tsaya duba wa ke da gaskiya ba. Aka kore shi daga aiki, aka tsare shi shekara guda a Königsberg. Sai da ya je ya yi wa Holan aikin soja har can ƙasashen gabas, kuma bai sake sa kakin ƙasar sa ba sai 1787, bayan sarkin ya mutu. Mai karatu ya riƙe wannan: a karon da gaskiyar sa ta fi fitowa fili, kurkuku ya samu.

Na biyun shi ne wanda aka yi wa fim. Napoleon ya ragargaza Furushiya a 1806, saboda haka da ya tashi afka wa Rasha a 1812 sai ya tilasta wa Sarki Frederick William na Uku ya ba shi sojoji 20,000. Aka sa su ƙarƙashin Mashal Macdonald na Faransa, a wajen birnin Riga, daga baya jagorancin su ya dawo hannun Yorck. Da sanyi da yunwa su ka cinye babbar rundunar Napoleon, sai Rashawa su ka shiga tsakanin Yorck da Macdonald, su ka fara lallashin sa. Janar Diebitsch da ke jagorantar su shi ma haifaffen Furushiya ne, kuma cikin masu kai-kawo har da Carl von Clausewitz, wanda ya ajiye aikin sa ya koma wajen Rasha don ba zai iya yi wa Napoleon yaƙi ba. Yorck ya nemi umarni daga Berlin, bai samu amsar da za a iya kamawa ba. Ranar 30 ga Disamba, 1812, a wani gidan niƙa kusa da Tauroggen, ya sa hannu cewa rundunar sa ta zama 'yar ba-ruwan-mu har sai sarki ya yanke hukunci.

Masu yabon sa su kan ce ai ya karanta abin da ke zuciyar sarki ne, tunda sarkin ma ba son Faransawa ya ke yi ba. Wannan hujja ba ta gamsar da ni, kuma ta na da haɗari. Duk yaron gidan da ya sayar da kayan maigida zai iya cewa da ma abin da maigida ke so ke nan, kunya ce ta hana shi faɗi. Sannan a dubi waɗanda abin ya shafa. Macdonald ya dogara da shi, ya na jiran sa, sai wasiƙa ya gani. Dole ya ja sauran mutanen sa ya gudu. Shi kuwa sarki ya na zaune ne sojojin Faransa sun cika masa Berlin. Da Napoleon ya ga dama ya huce a kan sa, da wa zai hana? Wato Yorck ya yi caca ne da rawanin wani. Shi ya sa sarkin ya yi tir da yarjejeniyar a bainar jama'a, ya ba da umarnin a sauke shi a gurfanar da shi, sai dai Rashawa su ka hana manzon isa. Kuma taurin kai, in ya fara, ba ya tsayawa inda aka so: a Fabrairun 1813 ga Yorck a Königsberg ya na goyon bayan a tara mayaƙan sa-kai, ba tare da izinin kowa ba.

Duk da haka ba na jin kalmar maci amana ta dace da shi, kuma ba don abin ya yi kyau daga baya ba ne. Dalili na shi ne abin da ya yi bayan ya sa hannu. Ya rubuta wa sarki ya faɗi abin da ya aikata, ya ce in ya yi kuskure ga kan sa nan, a yanke masa hukuncin kisa zai karɓa. Bai ɓoye a bayan kowa ba, bai ce an tilasta shi ba. Bai kuma juya bindigogin sa ya nufi fada ba. Mu a Afirka ta Yamma mun sha jin hafsoshin da ke cewa sun karya rantsuwa ne don ceton ƙasa, amma da gari ya waye sai a gan su bisa kujerar da su ka ce sun zo gyarawa. Yorck ya karya umarni, ya bar wa sarki sarautar sa da ikon hukunta shi. Ko da ya ke, a faɗi gaskiya, mutumin ba wani ɗan neman sauyi ba ne. Ɗan mazan jiya ne mai zafin rai, wanda ya tsani gyare-gyaren da su Stein su ka kawo don rage ƙarfin masu sarauta.

Sa'a ta bi shi. Ƙarshen Fabrairu Furushiya ta ƙulla ƙawance da Rasha, aka wanke shi, ya shiga Berlin ranar 17 ga Maris, 1813, jama'a na ta sowa. Nasarar da ya yi a Wartenburg a Oktoban shekarar ta sa aka liƙa sunan garin a nasa, ya zama Fil Mashal a 1821, ya mutu a 1830. Da Napoleon ya farfaɗo ya ci yaƙin, da wannan takarda ɗaya ce za a karanta a kotun soja kafin a harbe shi. Aikin dai guda ne, niyyar ma guda ce.

A nan ne na ke zargin fim. Kyamara ta na son mai nasara, sai ta koya wa ɗan kallo cewa bijirewa daidai ce muddin ta ƙare da faretin murna. Ba a cika shekara biyu da fitowar Yorck ba Hitler ya hau mulki, kuma shi Krauss ɗin da ya taka rawar mai bin lamirin sa, shi ne ya fito a Jud Süss na 1940, fim ɗin cusa ƙiyayyar Yahudawa. Daga 1934 sojojin Jamus su ka koma rantsuwa da sunan Hitler shi kan sa, da yawa kuma su ka fake da rantsuwar nan har ƙarshe. Cikin 'yan ƙalilan da su ka ƙi akwai Peter Yorck von Wartenburg, ɗan tattaɓa-kunnen janar ɗin, wanda ya shiga shirin kashe Hitler na 20 ga Yuli, 1944, tare da ɗan'uwan sa Stauffenberg, wanda Tom Cruise ya fito a matsayin sa a Valkyrie na 2008. Hujjar sa ta fi ta kakan sa ƙarfi nesa ba kusa ba, domin wanda ya yi wa tawaye mai kisan kiyashi ne. Shirin bai yi nasara ba. An rataye shi a gidan yarin Plötzensee da ke Berlin ranar 8 ga Agusta, 1944.