Zanen Farashi: Ilmi Ne Ko Bugun Ƙasa?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata gardama da ta ɓarke tsakanina da abokin zamana na ɗaki, ɗalibin fannin tattalin arziki. Ran nan na tarar ya duƙufa kan wata takarda mai gidaje-gidaje, yana ta jera X da O kamar mai dara. Na ce, "Malam, yaushe ka koma duba?" Ya harare ni, ya ce wannan ilmi ne. Da na bar maganar, sai na ji cewa rabin kuɗin rajistarsa ya zuba a hannun jari, wai takardar ce ta ba shi izini.

Bari in fara yi wa abin adalci. Zane ne na bin sawun farashi. Idan farashi ya hau, a sa X bisa X; idan ya sauka, a koma layi na gaba a jero O ƙasa-ƙasa. Kowane gida yana da ƙimarsa, a ce Dala 1. To, in hannun jari ya tashi daga 50 zuwa 55, ya dawo 54 ko 53, ba a rubuta kome. Sai ya faɗo gida uku, watau 52, sa'an nan a buɗe layin O. Babu rana ko wata a jiki; kasuwa na iya yin mako tana ci ba a ɗiga kome ba. 'Yan kasuwar Niyok ta Amurka suka faro shi wajen ƙarshen ƙarni na 19. Victor de Villiers ya yi littafi a kansa a 1933, A. W. Cohen kuma ya yaɗa ƙa'idar gida uku daga 1947.

Har nan ba ni da ja. Labarin jiya ne, an tace shi an zubar da surutu. Inda na tsaya shi ne inda aka ce idan layin X ya zarce tsayin wanda ya gabace shi, to a saya, farashi zai ci gaba da hawa. Jama'a, mai bugun ƙasa ma ai ɗige-ɗige yake yi a rairayi, ya haɗa su gida-gida, ya karanto gobe. Ina bambancin?

Abokina yana da amsa, ba kuwa ta banza ba ce. Ya ce ɗigon mai duba daga yatsansa ya fito, nasa kuwa sawun mutane ne na gaske, masu tsoro da kwaɗayi, kuma halin ɗan'adam yakan maimaita kansa. Juma'ar da za ta yi kyau, in ji shi, tun daga Laraba ake gane ta. Na yarda da rabi.

Amma ga abin da Burton Malkiel na Jami'ar Princeton ya bayar a littafinsa na 1973. Ya sa ɗalibansa suka riƙa jefa kwabo, wannan fuska farashi ya hau, waccan ya sauka, suka zana sakamakon. Ya nuna wa wani gwanin karatun zanen kasuwa, gwanin ya ce maza a saya. Kamfanin da babu shi a duniya! Ashe ido yana iya ganin sawu inda ba wanda ya taka.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Zanen ba ya tambayar dalili. Ko masana'anta ta samu ci gaba ne, ko ma'aikata dubu aka sallama don a rage kashe kuɗi, duk X ɗaya ce. Mai zanen yana alfahari da cewa ba ruwansa da sanin me kamfanin ke sayarwa. Ni kuwa a ganina wanda ya sayi hannun jari ya zama abokin tarayya, kuma abokin tarayya ba ya cewa ba ruwansa. Saboda haka ban kira shi boka ba, don bai ce ya san gaibu ba, rinjayen zato yake bi kamar manomi mai duban hadari. Amma ban kuma yarda in kira abin ilmi cikakke ba, tun da ya zaɓi ya rufe ido ga mutanen da ke bayan lambobin.

Na gaya masa haka. Ya yi dariya, ya ce 'yan Hausa ba ku san kasuwa ba. Yau mako biyu ke nan farashin nasa na kai da komo tsakanin gida biyu, bai sa X ba, bai sa O ba, ranar rufe rajista kuwa sai matsowa take yi.