Zancen Ruwan Inabi A Bakin Mai Bi

Ni malamin ajin baftisma ne a wata majami'a ta Kakuri, kudu da kogin Kaduna. Ina so in ba ka labarin wani abu da ya faru a ajinmu, gama tambayar da ta fito daga cikinsa tana cikin zuciyar sababbin masu bi da yawa, ko da shi ke kunya ta kan hana su furta ta.

Wata ran Lahadi, bayan an tashi daga sujada, muna zaune a gindin mangwaro muna jiran lokacin aji. Sai wani saurayi ma'aikacin ofis, wanda bai daɗe da ba da gaskiya ba, ya soma ba mu labarin hutunsa. Ya ce tun daren Jumma'a har Asabar yana Barnawa, a gidan wani abokinsa wanda ya komo daga tafiya da kwalabe na ruwan inabi mai tsada. Ya ce sun buɗe ja na ƙasar Bordo ta Faransa, mai nauyi a harshe, da ɗan bauri kamar na goro, da ƙanshin gangar itacen da aka ajiye shi a ciki. Suka buɗe fari na Afirka ta Kudu, mai sanyi da ɗan tsami kamar mangwaron da bai gama nuna ba, suka sha shi da gasasshen kifi. Ya nuna mana yadda a kan juya kofin, a sunsuna, kana a kurɓa kaɗan a riƙe a baki. Ya ce ba wanda ya bugu a cikinsu. Ya fito da wayarsa yana nuna hotunan kwalaben, yana faɗin kuɗin kowace.

A cikin masu ji akwai wani magini daga Sabon Tasha, magidanci mai 'ya'ya huɗu. Shekaru da yawa gidan burukutu ya ci ladan aikinsa, amma a ranan nan wata bakwai ke nan bai taɓa ƙwarya ba. Na lura yana haɗiyar yawu. Da saurayin ya gama, sai maginin ya dube ni ya ce, "Malam, in nasa ya halatta, nawa fa? Ko kuwa zunubi a ƙwarya kaɗai ya ke zama, ba ya shiga kwalba?"

Tambayan nan ba ta wasa ba ce. Bari mu bi ta a hankali, mu faɗi gaskiya a kowane mataki.

Da fari, kwalba da ƙwarya.

Mai yin burukutu ta kan jiƙa dawa har ta tsira, ta shanya, ta niƙa, ta dafa, kana ta bar ruwan ya tashi. Manomin inabi ya kan matse 'ya'yan, ya zuba ruwan a ganga, ya bar shi ya tashi. Abin da ke tashe su duka biyu ɗaya ne, watau wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda a ke ce da su yisti. Su kan cinye zaƙin, su bar abin nan da ke sa maye. Wani masanin Faransa, Louis Pasteur, shi ya bayyana wannan aiki nasu wajen shekara ta 1857. Haka kuma aka riƙa yin giyar kwalba a masana'antar da aka kafa nan Kakuri a 1963.

Bambancinsu yana wajen ƙarfi. Giyar kwalba, kashi 5 cikin 100 nata ne abin maye. Ruwan inabi ya kan kai kashi 12 zuwa 14. Domin wannan kwalba ɗaya ta ruwan inabi, mai cin mililita 750, tana ɗauke da abin maye daidai da manyan kwalabe uku na giya, har da ɗori. Turawan Faransa sun jera gonakin Bordo daraja bisa daraja tun 1855, an kuma fara matse inabi a Kef ta Afirka ta Kudu tun 1659. Wannan duka gwaninta ce ta gaske, ba na raina ta. Amma hanta ba ta san sunan gona ba, ba ta kuwa san kuɗin kwalba ba. Tun 1988 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa abin sha mai maye cikin abubuwan da aka tabbata suna kawo sankara. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙidaya mutum miliyan 2.6 waɗanda shan barasa ya yi sanadin mutuwarsu a shekara ta 2019 kaɗai.

Ashe maginin yana da gaskiya. Idan mun tsauta wa talaka saboda ƙwaryarsa, muka yi wa mai albashi murmushi saboda kofin gilashinsa, mun yi tara. Manzo Yaƙub ya tsauta wa masu bi a kan irin wannan, cikin sura ta 2 ta wasiƙarsa, inda ya yi zancen ba mai tufafin ado wuri mai kyau, a bar matalauci a tsaye.

Na biyu, me Littafi Mai Tsarki ya koya?

Ba zan ɓoye maka kome ba, gama bangaskiyar da aka gina bisa ɓoye-ɓoye ba ta jimrewa. Littafi bai kira 'ya'yan inabi ƙazamai ba. A fassarar Hausa ta 1932 an kira abin shan nan ruwan anab, kuma za ka same shi a wurare da yawa. A cikin Yohanna sura ta 2, Ubangijinmu ya halarci biki a Kana ta Galili, ya mai da ruwan randuna shida na dutse ya zama ruwan inabi. Uban bikin ya ɗanɗana, ya kira ango ya yaba masa. Ka ga har yabon ɗanɗano yana rubuce. Bulus kuma ya shawarci Timothawus ya sha kaɗan saboda cikinsa da yawan rashin lafiyarsa.

Amma Littafin nan ɗaya shi ya ba mu labarin Nuhu, mutumin da ya tsira daga ruwan tufana, yadda ya dasa inabi, ya sha ya bugu, ya kwanta tsirara cikin alfarwarsa, abin ya zama masifa ga gidansa. Misalai sura ta 23 ta zana mana mashayi da jajayen idanunsa da raunukan da bai san inda ya samo su ba. Bulus ya lissafta maye cikin ayyukan jiki, ya lissafta kamewa cikin 'ya'yan Ruhu, a Galatiyawa sura ta 5. Irmiya sura ta 35 kuwa ta nuna mana Rekabawa, waɗanda aka ajiye musu ruwan inabi a gabansu cikin Haikali, suka ƙi sha domin umurnin kakansu, Allah kuwa ya yaba musu.

Saboda haka maye zunubi ne, dukan ekklesiyoyi sun yarda da wannan. A kan kurɓa kaɗan ne suka bambanta. 'Yan'uwanmu na Katolika da ruwan inabi su ke yin hadayarsu ta sujada. Ekklesiyoyi da yawa na ƙasarmu, kamar waɗanda suka fito daga aikin mishan na SIM da aka fara a 1893, suna koyar da bari ɗungum. A Amurka wani mai bi na Methodist, Thomas Welch, ya samo dabarar ajiye ruwan 'ya'yan inabi ba tare da ya tashi ba a 1869, domin a yi Jibin Ubangiji da abin da ba ya sa maye. Ka bi ka'idar ekklesiyar da za ta yi maka baftisma da zuciya ɗaya, kada kuwa ka zama alƙalin ɗan'uwanka na wata ekklesiya.

Na uku, wanda ke zaune kusa da kai.

Nan ne tambayar ta ke da nauyi. Saurayin nan ya tambayi kansa abu ɗaya: na bugu ko ban bugu ba? Da ya ga bai bugu ba, sai lamirinsa ya kwanta. Amma Bulus ya koya wa masu bi na Roma da na Korinti wata tambaya dabam. A zamaninsu gardama ta tashi a kan naman da aka yanka wa gumaka. Masu sani suka ce gunki ba kome ba ne, nama nama ne. Bulus ya yarda da saninsu, amma ya ce su duba raunanan da ke kallonsu. Shi da kansa ya ce gara ya bar nama har abada da ya sa ɗan'uwa tuntuɓe. A cikin Romawa sura ta 14 ya ambaci ruwan inabi da sunansa cikin abubuwan da ya kamata mai bi ya iya bari saboda wani.

Ka lura, maginin bai je Barnawa ba. Bai ga kwalba ba, bai ji ƙanshinta ba. Labari kaɗai ya ji, daga bakin wanda su ke zama a benci ɗaya, su ke rera waƙa daga littafi ɗaya. Wata bakwai yana bi ta wata hanya mai nisa domin kada ya wuce ƙofar gidan burukutu, sai ga zancen ya same shi a harabar majami'a, inda ya ke tsammani ya tsira. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Mai yabon abin sha yana zuba wa mai jinsa da baki, ko da hannunsa bai taɓa kofi ba.

Akwai kuma zancen kuɗi. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a Kakuri a 1957 ta rufe a 2002, gidaje da yawa na unguwanninmu kuwa ba su farfaɗo ba tun daga lokacin. Faɗin kuɗin kwalba a gaban mutumin da ke neman kuɗin makarantar ɗansa, fahariya ce, ko mai faɗin bai nufa ba.

Ka tuna da maƙwabtanmu Musulmi kuma, waɗanda giya haramun ce a gare su. Tun rikicin Fabrairu na 2000 kogin nan ya raba mazaunin mutanen Kaduna ƙwarai, har wanda ke wancan ƙetare ya kan san mu ta wurin abin da ya ji, da abin da ya gani a waya. Idan hoton kwalba ne ya fi yawa a cikin abin da mu ke nunawa, da me zai san sunan Kristi?

Ga yadda abin ya ƙare a ajinmu. Ran Laraba matar maginin ta zo gidana da sassafe, goye da jariri. Ta ce mijinta ya karɓi ladan aikinsa ran Talata, bai komo gida ba sai tsakar dare, ba ko kwabo a aljihunsa. Ban ce saurayin ne ya kai shi ba, gama kowa zai ba da lissafin kansa a gaban Allah, maginin ma bai ɗora wa kowa laifi ba. Ni ma ina da nawa rabon, gama ina zaune a gindin mangwaron nan, na ji zancen yana tsawo, ban tsai da shi ba don kada a ce malam ba shi da sakin fuska. Na kira saurayin na gaya masa. Ya yi shiru da daɗewa, kana ya ce in raka shi Sabon Tasha. A can ya durƙusa gaban wanda ya girme shi ya roƙi gafara. Maginin ya komo aji, amma dattawa sun ɗaga baftismarsa, yana kuma sake ƙidayar kwanakinsa daga ɗaya.

Domin wannan, ya ɗan'uwa, ga shawarata. Idan ba ka taɓa sha ba, kada ka fara, ba abin da ka rasa. Idan giya ta taɓa mallakarka, kada ka gwada ƙarfinka da kurɓi ɗaya, ko a kofin zinariya aka miƙo maka, gama da muguwar rawa gara ƙin tashi. Idan abokai sun kira ka hutu, ka je da farin ciki, ka ci kifinsu, ka yi dariya tare da su, Ubangijinmu ma ya zauna a wurin biki. In an miƙo kofi ka ce, "Na gode, a ba ni zoɓo," ba sai ka yi musu wa'azi a bisa teburinsu ba. In kuwa ekklesiyarka ta yarda maka da kaɗan, lamirinka kuma bai kāshe ka ba, to, kada ka kai ga maye, kada ka tuƙa mota ko babur bayansa, kada kuma ka mai da shi abin taɗi da hoto. Kafin ka buɗe baki, ka dubi fuskokin da ke kewaye da kai, gama ba ka san wanda ke cikin yaƙi ba.

Kai kuma da ka fāɗi, kada kunya ta hana ka komowa. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku, aka kuwa karɓe shi, aka ba shi kiwon tumaki. Ka zo wurin malaminka ko fastonka ka faɗa masa. In jikinka yana rawa sa'ad da ka bar sha, ka ga likita, gama barin giya farat ɗaya ga wanda ta kama ƙwarai yana da hatsari, neman magani kuwa ba rashin bangaskiya ba ne.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba na sama, kai ka ba mu dawa da inabi, kai ka ba mu abokai da ranakun hutu. Ka koya mana mu karɓi kyautarka da kamewa. Ka tsare harshenmu, kada ya zama tarko ga ɗan'uwan da Ɗanka ya mutu dominsa. Ka ta da wanda ya fāɗi, ka ciyad da gidansa. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.