Man Gwauruwa da Nonon Uwa

Karatu: 2 Sarakuna 4:1-7

Mun san labarin gwauruwar nan ta zamanin annabi Elisha. Mijinta ya mutu ya bar ta da bashi, mai bin bashi kuwa yana shirin kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayinsa. Ba ta da kome a gida sai ɗan mai a tulu. Annabi ya umarce ta ta aro tukwane wurin maƙwabta, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ta yi ta tsiyayawa. Muddin akwai tukunyar da ba kome cikinta, mai yana ta zuba. Sa'ad da tukwane suka ƙare, mai ya tsaya.

Muna so mu kai wannan labari ga wata damuwa da ke cikin gidajenmu. A Makera da Dutsin-Ma da Kurfi, mata masu goyo da yawa suna fita aiki. Akwai malaman makaranta da ma'aikatan asibiti. Akwai masu aiki ko karatu a Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma wadda aka kafa a 2011. Akwai kuma masu zuwa gona da lambu da kasuwa, waɗanda ba mai rubuta musu takardar hutu. Mace ta koma aiki, ba a yi mako uku ba sai ta ga nono ya ja baya. Uwar miji ta ce a dama wa yaro koko. Maƙwabciya ta ce a sayi madarar gwangwani. Wata ma ta ce baki ne ya kama ta. Kafin a ankara zawo ya kama yaro, ya soma ramewa.

Ba baki ba ne, ba kuwa Allah ne ya janye hannunsa ba. Nono ba kamar hatsi a rumbu yake ba, wanda yake raguwa in an ɗiba. Sabo jiki yake yi dare da rana. In yaro ya tsotsa, ko uwa ta tatse, jiki ya san ana bukata, sai ya ƙara. In mama ya wuni a cike, jiki ya ɗauka ba mai so, sai ya rage. Macen da ta fita ƙarfe 7 na safe, ba ta dawo ba sai ƙarfe 3, ba ta kuwa tatsa ba, ta yi awa 8 ke nan ba ta kawo tukunya ba. Dole mai ya tsaya.

Don me muka damu haka? Gama ran yaro ne a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun koyar cewa a ba jariri nono zalla har wata 6, ko ruwa kada a haɗa masa, daga nan a ƙara da abinci a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. Wajen kashi 87 cikin 100 na nono ruwa ne, saboda haka ko a zafin Afrilu yana kashe wa yaro ƙishi. Cikinsa kuma akwai abin da ke tsare shi daga zawo da ciwon haƙarƙari. Duk da haka binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna jarirai 29 kaɗai cikin 100 'yan ƙasa da wata 6 ke shan nono zalla a Nijeriya. Madarar gwangwani tana da tsada. In kuɗi ya gaza akan tsinka ta da ruwa mai yawa, yaro ya sha ya kwana da yunwa. In ruwan ba mai tsabta ba ne kuwa, ciwo aka ba shi.

To, 'yar'uwa, ga tukwanenki. Ki fara koyon tatsa da hannu mako biyu kafin ki koma aiki. Da safe ki shayar da yaro ya ƙoshi kafin ki fita, in kin dawo kuma shi ne aikinki na fari. Kada ki hana shi da dare, gama shan dare yana ƙarfafa zuwan nono ƙwarai. A wurin aiki ki tatsa bayan kowace awa 3. Ki wanke hannu da sabulu, ki tatsa cikin kofi mai murfi wanda aka wanke aka zuba masa tafasasshen ruwa. Nonon da aka tatsa yana kai awa 4 a inuwa mai sanyi, a firiji kuwa kwana 4. Lokacin bazara ya fi saurin lalacewa, sai a ajiye shi gindin randa a ba yaro da wuri. Kada a tafasa shi. A tsoma kofin cikin ruwan ɗumi. Mai reno ta ba yaro da ƙaramin kofi a hankali, gama bulumboti yana da wuyar wankewa. Ko ranar da ba ki da wurin ajiya, ki tatsa, domin kada ya tsaya. Ki ci ki ƙoshi, tuwo da wake da zogale da kunun gyaɗa, ki sha ruwa duk sa'ad da kika ji ƙishi. Amma ki sani kunun kanwa ba shi ke kawo nono ba. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura yawan kanwa yana da hannu cikin ciwon zuciya na masu jego.

Yanzu mu sāke duban gwauruwar. Ba ita kaɗai ta yi aikin ba. Maƙwabta suka ba da aron tukwane, 'ya'yanta suka riƙa miƙo mata, akwai kuma ɗaki mai ƙofa. Maganar ta dawo kanmu ke nan.

Kai maigida, matarka ta wuni a aji, ta dawo ta tarar da ɗiban ruwa da daka da girki suna jiranta. Yaushe za ta zauna ta shayar? Ka sayi ruwan, ka kai niƙa, ka riƙe manyan yara. Wannan ba ya rage maka girma. Ke Inna, uwar miji, maganarki tana da nauyi a gida. In yaro ya yi kuka, kada ki ce nonon uwarsa ba ya isa. Ki ba shi wanda ta tatsa ta bari. Ku Zumuntar Mata, ziyarar mai jego kada ta ƙare ranar suna. Mako na fari na komawa aiki, a nan ta fi bukatarku.

Ku kuma shugabannin makarantu da ɗakunan magani, da duk mai ɗaukar ma'aikata: dokar ƙwadago ta Nijeriya, sashe na 54, ta ba mace hutun haihuwa na mako 12, ta kuma ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana cikin lokacin aiki. A 2019 jihar Kaduna ta mai da hutun haihuwa wata 6 ga ma'aikatanta. In hukuma ta ga wannan, bai kamata wuraren aiki na ekklesiya su zama na baya ba. Ɗaki ɗaya mai ƙofa, da tabarma, da ruwan wanke hannu, ba su fi ƙarfinmu ba.

Akwai 'yar'uwar da za ta yi dukan wannan, duk da haka nono ya gaza saboda ciwo. Kada kowa ya hukunta ta. A raka ta asibiti a auna yaron, a bi shawarar ma'aikatan lafiya.

A Ishaya 49:15 Ubangiji ya kwatanta ƙaunarsa da ta mace mai shayarwa, ya nuna tasa ta fi ƙarfi. Alherinsa bai taɓa ƙarewa ba. Mu ne mukan daina kawo tukwane. Bari kowace ekklesiya ta san masu goyon da ke cikinta a watan nan, ta yi musu addu'a da sunansu, ta kuma tambaye su abin da suke bukata. Ubangiji ya raya mana 'ya'yanmu cikin lafiya da tsoronsa. Amin.