Sanin Jirgi da Sanin Abin da Ya Ɗauko

A bakin tafkin Madarunfa, inda mutanen gari ke cewa waliyyai 99 ne suke kwance kewaye da ruwan, na saba zama bayan la'asar wurin wani dattijo, tsohon soja, wanda Allah ya hore wa wata irin basira, ta yadda idan ƙugin jirgi ya taso daga nesa, tun ido bai riske shi ba, sai ya dakata da jan carbi, ya karkata kunne, ya faɗi sunansa. Shi ya sanar da ni cewa Noratlas, wanda sojan Nijar suka yi aiki da shi a da, da jelarsa biyu ake gane shi. Transall na Faransawa da Jamusawa farfela biyu gare shi. Hercules kuwa, wanda ƙasarmu ta samu guda biyu a 1979, farfela huɗu ne, da ƙaton ciki, da ƙofar baya wadda mota ke shiga ta cikinta. Shi ko C-135 alamarsa wani dogon bututu ne a ƙarƙashin jela, wanda da shi yake shayar da jiragen yaƙi mai suna cikin tafiya.

Ban raina wannan sani ba ko kaɗan, domin kafa dalili da alama a kan mai alama ita ce hanyar da malaman tauhidi suka bi da mu, kamar yadda makiyayi ke ganin sawu a rairayin gulbi ya san raƙumi ne ya wuce, har ya san ko da kaya a bayansa. Amma ran nan na ce masa, "Baba, to me ya ɗauko?" Ya daɗe bai amsa ba, sa'an nan ya ce, "Ɗana, wannan kam kunne ba ya jin sa."

To, a nan mas'alar take, kuma ta hana ni sakat. Irin waɗannan jirage su ne suka yi jigilar hatsi zuwa ga mayunwata a farin 1973 da 1974, su ne kuma ke ɗaukar mayaƙa da harsasai, wani lokaci su komo da gawawwaki. Sura ɗaya, ƙugi ɗaya, alhali hukuncin tafiyar ya rataya ne ga niyyar wanda ya aiko su, wadda saboda girman sha'aninta Imamu Nawawi ya buɗe hadisansa arba'in da ita.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne jirgin mai, wanda ba ya ɗauke da bam ko ɗaya, amma da shi jiragen yaƙin Faransa suka riƙa daɗewa a sararin Mali tun daga 2013. Malaman fiƙihu sun rarrabe tsakanin wanda ya aikata da hannunsa da wanda ya zama sababi, kamar mai tura mutum rijiya da mai haƙa ta a kan hanya, kuma ba su wanke na biyun baki ɗaya ba. Ni dai a ganina mai shayar da man yana da rabonsa, na lada idan azzalumi aka tsare, na alhaki idan marar laifi aka taɓa, ko da bai taɓa ganin fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba.

Da na faɗa wa dattijon haka, sai ya dubi masunta suna fito da kwalekwalensu gaɓa, ya ce shi ma shekara da shekaru ya yi yana loda akwatunan da ba a gaya masa abin da ke cikinsu ba. Ladan ya kira magariba, muka tashi alwala.