Mugun Zato, Daga Bariki Zuwa Fadama

Fim ɗin '76 na Izu Ojukwu, wanda ya fito a 2016, bai tsaya neman wanda ya kashe Janar Murtala Muhammad ba. Kowa ya san Laftanar Kanar Buka Suka Dimka da mutanensa ne suka buɗe wa motarsa wuta a Legas ranar Juma'a, 13 ga Fabrairu, 1976. Abin da fim ɗin ya bi diddigi shi ne halin da mutum ke shiga idan laifinsa kawai ya san mai laifi. An nemi Kyaftin Dewa, jarumin fim ɗin, ya shiga yunƙurin juyin mulkin da aka kashe Murtala a cikinsa, ya ƙi. Da aka fara kame sai aka haɗa da shi, ga matarsa da tsohon ciki.

Mai kallo yana tausaya wa Dewa ne don an nuna masa lokacin da ya ƙi. Da ba a nuna ba, da yawanmu cewa za mu yi ai abokin ɓarawo ɓarawo ne. Wannan hali shi ke ba ni tsoro, domin ba a bariki kaɗai yake cin mutane ba.

Dubi fadamar Haɗejia, daga Auyo har Kirikasamma da Guri. Shanu sun shiga gonar shinkafa da dare, gari na wayewa an gama shari'a a zuci: rugar da ta fi kusa ce. Ba a bi sawu ba, ba a kira mai unguwa da arɗo sun ga ɓarnar ba. Alhali sau da yawa garken na baƙi ne masu wucewa, kafin asuba sun yi nisa. Haka shi ma makiyayi, in ya tarar an sare masa saniya, ƙauyen da ke gabansa yake ɗora wa laifin.

Ban raina zafin manomi ba. Wanda ambaliya ta cinye wa gona da damina, kacalla ta toshe masa hanyar ruwa, sannan ya wayi gari an kiwace abin da ya rage, dole zuciyarsa ta tafasa. Amma zafin asara bai taɓa zama shaida ba. Ko da gaskiya ta fito daga baya, maƙwabcin da aka ƙona wa bukka ya riga ya kwashe iyalinsa ya tashi, gonar da shanunsa ke zuba wa taki kowane rani kuma sai an sayo mata na zamani.